Minti Biyu a Kentaki

A barga na girma. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan barga ne a gidan wani hakimi a ƙasar Katsina, ya yi shekara 30 da ɗoriya yana kwana yana tashi da dawakan da ba nasa ba. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin sa fadama yankan ciyawa, har yau kuma in na shaƙi warin harawa da gumin doki sai in ji kamar na iso gida. Da na yi karatu na kama aikin koyarwa barga ta yi mini nisa, sai son dokin ya koma cikin waya. A nan na fara ganin sukuwar wani jan ingarma mai suna Secretariat, wadda ya yi a New York a 1973, inda ya ba na biyu tazarar tsawon doki 31. Na maimaita kallon nan ban san iyaka ba. Daga shi na shiga bin manyan tseren Amurka guda uku na kowace shekara, na Kentaki da na Baltimore da na New York, kuma duk Asabar ɗin farko ta watan Mayu ba na runtsawa sai an yi na Kentaki, wato Derby, wanda yake kamawa wajen sha biyun dare a agogonmu.

Ɗan yayata yana aikin jinya a birnin Louisville, garin da ake yin tseren. A farkon 2024 ya kira ni ya ce, "Kawu, bana za a yi karo na 150. In ba ka zo bana ba, sai yaushe?" Na ce masa alkawari kaya ne, kada ya ɗauki abin da zai yi masa nauyi. Ya ce ya riga ya ɗauka.

Na sauka ranar Litinin, 29 ga Afrilu, ta Legas da Atlanta. Na baro gida ana fama da zafin bazara, kowa idonsa na gabas yana jiran hadarin farko. Su kuwa a lokacin sanyi ya janye musu, bishiyoyi sun yi sabon ganye, ciyawa ta yi shar har gefen kwalta, irin ciyawar da in Baba ya gani sai ya tambayi inda laujensa yake. Filin jirgin garin sunan Muhammad Ali yake ɗauke da shi, don a nan aka haife shi, a nan kuma aka binne shi a 2016. Washegari muka je maƙabartar Cave Hill muka yi masa addu'a a gaban wani dutse da aka rubuta wa suna ɗaya tak, Ali. Daga nan na ce wa yaron nan ya kai ni wurin dawaki.

Ranar Laraba da muka idar da sallar asuba muka nufi Churchill Downs, filin da ake yin tseren. A kwanakin da suka gabaci tseren ana barin mutane su shiga da safe su kalli atisaye. Tun daga nesa na hango tagwayen hasumiyoyin nan masu tsini da aka ɗora a kan rumfar 'yan kallo a 1895, waɗanda na saba gani a allon waya kamar tsinken sakace. Muka sami wuri a jikin shinge. Da bakwai da rabi ta yi aka kore sauran dawaki daga fili, aka bar shi minti 15 don waɗanda za su shiga manyan tseren biyu kaɗai. 'Yan Derby an shimfiɗa musu rawayen ƙyalle a ƙarƙashin sirdi da sunan kowa a jiki, goɗiyoyin da za su yi nasu tseren ranar Juma'a kuma nasu ƙyallen ruwan hoda ne.

Abin da waya ba ta taɓa kawo mini ba shi ne sauti. Kafin ka ga dokin sai ka ji ƙasa tana amsawa a tafin ƙafarka, sannan numfashinsa, fur, fur, fur, kowane tsalle da numfashi ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Dabba ce mai nauyin kilo 500 ko kusa da haka, a kan ƙafafun da ƙwaurinsu bai fi damtsen hannuna kauri ba, tana iya gudun kilomita 60 a awa. Sun fi namu tsawo nesa ba kusa ba, ƙirjinsu da zurfi, cikinsu a ɗame, fatarsu da laushi har kana ƙirga jijiyoyin wuya. Na riƙe ƙarfen shingen nan da hannu biyu, na kasa cewa komai.

Asalinsu ma abin a tsaya a kai ne. Duk dokin wannan jinsi da ke duniya, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, tana tuƙewa ne ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Musulmi shekara 300 da suka wuce. Ɗaya an sayo shi a Halab ta Siriya a 1704, shi ake kira Darley, kuma mafi yawansu jikokinsa ne. Wani, Godolphin, ta Tunis ya bi ya shiga Faransa kafin ya isa Ingila, har yau ana gardama ko na Larabawa ne ko kuwa dokin Arewacin Afirka ne, dangin waɗanda suka ƙetaro Sahara suka zama namu. Turawa suka rubuta kowace haihuwa a littafi, suka riƙa haɗa mai gudu da mai gudu, ba don kyau ba, ba don juriyar tafiya ba, don sauri kawai. Ko ranar haihuwa guda suka yanka musu: a Amurka da Turai kowane doki shekararsa tana cika ne ranar 1 ga Janairu, ko da a watan Mayu uwarsa ta haife shi. Derby kuma na 'yan shekara uku ne kaɗai, saboda haka doki sau ɗaya yake samun wannan dama a rayuwarsa.

Da safen nan idona ya tsaya a kan biyu. Na farko Sierra Leone, wanda sunansa kawai ya isa ya ja hankalin ɗan Afirka ta Yamma. Dogo ne, kusan akawal, sai rana ta doke shi kake ganin ja-ja a jikinsa, takunsa mai faɗi kamar ba ya sauri alhali ƙasa yake ci. Dala miliyan 2.3 aka saye shi yana ɗan shekara ɗaya. Na biyu wani kili ne mai suna West Saratoga, da aka saya dala 11,000. Mai horar da shi, Larry Demeritte, baƙar fata ne ɗan asalin Bahamas, dattijo mai fama da cutar daji, kuma rabon da baƙar fata ya shigar da dokin da ya horar cikin Derby tun 1989. Na ce wa ɗan yayata, idona yana kan baƙin, zuciyata tana kan kilin.

Ya ce, "To Kawu, mu shiga gidan tarihinsu, akwai abin da ya kamata ka gani kafin Asabar."

Gidan tarihin yana jikin filin. Na shiga da niyyar ganin kofuna, na fito da wani abu daban. Ranar 17 ga Mayu 1875 aka yi Derby na farko, bayan da Meriwether Lewis Clark ƙarami ya je Ingila ya ga na Epsom ya dawo ya kafa irinsa a filin kawunnansa, 'yan gidan Churchill. Mahaya 15 ne suka fito ran nan, 13 daga cikinsu baƙaƙen fata. Wanda ya ci, Oliver Lewis, baƙi ne, a kan wani ɗan jan doki mai suna Aristides, wanda ya horar da dokin kuma, Ansel Williamson, a cikin bauta aka haife shi. Dalilin a fili yake: a gonakin jihohin kudu na ƙasar Amurka bayi ne suke kwana a barga, su suka san doki. A tsere 28 na farko, baƙaƙen mahaya sun ci 15. Isaac Murphy shi kaɗai ya ci uku, a 1884 da 1890 da 1891. Jimmy Winkfield ya ci biyu a jere, 1901 da 1902, kuma daga kansa har yau ba a sake samun baƙin mahayin da ya ci ba. Da kuɗi ya shigo harkar sosai, ga dokokin wariya sun kafu, sai fararen mahaya suka riƙa matse su a jikin shinge, masu dawaki suka daina ba su hawa. Winkfield ya tafi Rasha ya yi suna, juyin juya hali ya kore shi, ya ƙare a Faransa yana horar da dawaki. Da aka gayyato shi Louisville a 1961 don karramawa, a wani otal aka tare shi a ƙofar gaba saboda launinsa. Tsakanin 1921 da 2000 babu baƙin mahayi ko ɗaya da ya shiga tseren.

Na daɗe a gaban hoton Murphy. Abin da ya zo mini shi ne ranar hawan sallah a garinmu, yadda Baba yake tashi tun kafin assalatu ya wanke doki, ya ɗaura jalala da sirdi, ya ja majanyi, ya gyara tunjimi, sannan ya riƙe likkafa maigida ya hau. Maroƙa su yi ta kirarin mahayi da doki, shi kuma yana biye a ƙasa cikin ƙura da ragama a kafaɗa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Amma ni ɗansa ne, na gani.

Juma'a aka wuni ana ruwa. Muka je masallaci, muka dawo muka kalli tseren goɗiyoyi a talabijin, wanda suke kira Oaks. Wata mai suna Thorpedo Anna ta shiga gaba cikin taɓo tun daga farko ba ta bari kowa ya matso ta ba. Sunan mahayinta Brian Hernandez, mai horar da ita Kenny McPeek. Ban riƙe sunayen da muhimmanci ba a lokacin.

Asabar, 4 ga Mayu, garin ya tashi da shiri irin na sallah. Mazauna unguwar da ke kewaye da filin sun mai da ƙofar gidajensu wurin ajiye mota, wasu suna gasa nama suna sayarwa. Mata sun sha malafa iri-iri, wata da fure, wata da gashin tsuntsu, wata faɗinta ya kai faifai uku. Maza sun sa kwat masu launin da ko a kantin atamfa sai an bincika. Ni da farar shadda da hula zanna na je, mutum nawa suka tsayar da ni suna yaba kayan. An ƙirga mutum 156,710 ran nan.

A bakin ƙofa akwai mutum-mutumin tagulla na wani doki yana sukuwa, ƙafafunsa huɗu duk a sama. Barbaro ke nan, tokarsa tana binne a ƙarƙashi. Ya ci Derby a 2006, bayan mako biyu ƙafarsa ta baya ta karye a Baltimore a gaban jama'a. Likitoci suka yi wata takwas suna fama, amma doki ba ya iya doguwar kwanciya, in kuma ya jingina nauyinsa a kan sauran ƙafafun sai ciwon kofato ya kama su, shi ne ya sa aka haƙura aka kashe shi a Janairun 2007. A 2008 wata goɗiya, Eight Belles, ta zo ta biyu a Derby, tana wuce layi ƙafafunta na gaba biyu suka karye. Shekara guda kafin zuwana ma dawaki 12 suka mutu a wannan fili cikin 'yan makonni, har aka dakatar da tsere aka mai da shi wani filin. Duk mai son wannan wasa da gaske yana ɗauke da wannan a ransa. Ni a ganina ana matsa musu tun ƙashinsu bai gama ƙwari ba, don tun suna shekara biyu ake fara tsere da su. Baba ba ya yarda a ƙure doki kafin ya cika huɗu. Sai dai ban isa in ɗaga murya da yawa ba, don na san abin da linzaminmu mai zobe yake yi wa bakin doki, na san jinin da kaimi yake fitarwa a haƙarƙari, na kuma ga yara suna zamiya a kan kwalta da tsakar rana. Linzaminsu ɗan siririn ƙarfe ne mai gaɓa a tsakiya, sirdin kuma bai fi tafin hannu biyu ba, babu kwacciya gaba ko baya. A Derby mahayi da sirdinsa da komai kilo 57 ne, ba ƙari ba ragi.

Tikitinmu na tsakiyar fili ne, inda masu ƙaramin ƙarfi suke, babu kujera sai ciyawa. A nan na ga ɓangaren da bai yi mini ba. Tun hantsi ake shan wata barasa da suke haɗawa da na'ana'a da ƙanƙara, layin tagogin caca kuwa ba ya yankewa. A kan wannan tsere ɗaya an zuba sama da dala miliyan 200. Da yawa daga cikin waɗanda ke kewaye da ni lamba suka sani, ba doki ba, kuma na tabbata wasu sun koma gida ba su ga ko jela ba. Abin da ya fi damuna shi ne sanin cewa kuɗin cacar nan su ne suke riƙe da harkar gaba ɗaya, har da kyautar dala miliyan 5 da za a raba, har da albashin mai kwashe kashin doki. Ban taɓa saka ko kwabo ba, ba kuma zan saka ba, amma ba zan yi kamar ban san inda ruwan yake fitowa ba. Muka nemi wani lungu a jikin shinge muka shimfiɗa darduma muka yi sallah, wani mai gadi ya tsaya ya riƙa kauda mutane daga gabanmu har muka sallame.

Wurin da muka kama yana daidai kwanar ƙarshe, tsakaninmu da hanyar ƙasa akwai hanyar ciyawa da ake wasu tseren a kanta. Zagaye ɗaya mil ɗaya ne, Derby kuma mil ɗaya da kwata, wato kusan mita 2,000, don haka kejin da suke tashi daga ciki a kusa da mu aka girke shi. Wajen shida na yamma aka fara abin da na fi so a duk ranar, a ƙaton allo na kalle shi: tahowar dawaki a ƙasa daga barga zuwa inda za a ɗaura musu sirdi. Masu dawaki da iyalansu sun yi dafifi cikin ado, amma in ka duba wanda yake riƙe da ragamar, hannunsa a wuyan dokin yana yi masa magana a kunne, sai ka ga wani ɗan Meziko ko Gwatamala ne. Su ne 'yan bargar yau. Na hango Demeritte yana takawa a hankali kusa da kilinsa, jama'a suna kiran sunansa.

Mai begila da jar riga ya busa. 'Yan badujalar jami'ar garin suka ɗauki waƙar jiharsu, mutanen da suka wuni suna ihu suka yi tsit suna rerawa, na ga wani ƙaton mutum kusa da ni yana share hawaye. Aka shigar da dawaki 20 keji ɗaya bayan ɗaya. Ƙararrawa ta kaɗa, ƙofofi suka buɗe lokaci guda, suka fita suka ba mu baya.

Daga nan sai allo. Track Phantom ya ja gaba, Fierceness, wanda kowa ya ce shi zai ci, yana dab da shi ta waje, suka cinye rabin mil na farko cikin daƙiƙa 46 da 'yan kai. Na ce a raina wannan wuta ba za ta kai su gida ba. Sierra Leone yana can baya, haka ma Forever Young, dokin Japan da ya ci tsere a Saudiyya da Dubai kafin ya zo. Sai na fara jin su ta hagu, wannan rugugin da na ji ranar Laraba amma ninki 20, suka shigo kwanarmu a dunƙule, ƙasa tana tashi, mahaya suna yi wa juna tsawa. Duka ganin da na yi musu da idona bai wuce daƙiƙa biyar ba. A cikin daƙiƙun nan na ga wani bikili mai lamba 3 ya manne da shingen ciki, ya kutsa ta wata 'yar kafa da ban yi zaton akuya za ta wuce ba. Mystik Dan ne, Hernandez ne a kansa. Ta can waje kuma manyan nan biyu sun zagayo kowa, sun buɗe ƙafa.

Miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe ta Churchill Downs doguwa ce. Mystik Dan ya ba da tazara, sai ya fara gajiya, Sierra Leone da Forever Young suna cin tazarar taku bayan taku, kafaɗa da kafaɗa, baƙin yana ta karkatowa ciki yana gogar na Japan. Ban san lokacin da na kama hannun ɗan yayata ina cewa "Zo! Zo! Zo!" ba. Su uku suka faɗa layi tare. Fili ya ɗauki wani irin guri, babu wanda ya san wa ya ci, har mahayan. Muka tsaya muna kallon allo minti bayan minti kafin hoto ya raba gardama: lamba 3 da hanci, Sierra Leone mai lamba 2 na biye, shi ma da hanci ya wuce Forever Young mai lamba 11. Rabon da a ga uku sun iso haka tun 1947. Minti 2 da daƙiƙa 3.34 aka yi. Secretariat a 1973 ya yi shi cikin minti 1 da daƙiƙa 59.4, har yau babu wanda ya kama shi.

Na ji zafin faɗuwar Sierra Leone, kuma har gobe ina ganin shi da na Japan sun fi wanda ya ci ƙarfi ran nan. Hanyar da suka bi ta fi tsawo, a tseren da aka raba da faɗin hanci kuwa kowane taku na waje bashi ne. Hernandez ya ci ne da kai da kuma ƙarfin hali, don wanda ya shiga wannan kafa in ta rufe, shi da doki sai Allah. Na kuma ga girman mutanen Japan, da aka goge dokinsu sau da dama amma ba su kai ƙara ba. Hukumar tsere daga baya ta ci tarar mahayin Sierra Leone. Fierceness ya ƙare na 15. West Saratoga ya zo na 12, ya dawo da ƙafafunsa huɗu lafiya, su duka 20 haka, na yi hamdala. Aka lulluɓa wa Mystik Dan mayafin jan wardi mai fure sama da 400. McPeek ya zama mai horarwa na farko tun 1952 da ya haɗa Oaks da Derby a shekara ɗaya. Demeritte kuwa shekara guda ya ƙara a duniya, ya rasu a Mayun 2025.

Ranar Talata muka kama hanyar Lexington, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ta gabas. Nan ne ƙasar kiwo: tuddai masu laushi, shingen katako baƙi da fari iya ganinka, goɗiyoyi da dukushinsu na bana suna tsalle a gefensu. Ƙarƙashin ƙasar farar dutse ce, mutanen wurin suna cewa ita ke sa wa ruwa da ciyawa abin da ke ƙarfafa ƙashi. A filin Keeneland kowa yana iya shiga da sassafe, har ya bi ta gefen barga zuwa ɗakin cin abincin ma'aikata.

A nan na tsaya kallon wani mutum, zai yi shekara 50, gajere, da hular hana sallah. An dawo masa da doki daga atisaye yana huci. Ya wanke shi da soso da ruwan ɗumi tun daga bayan kunne, ya sa wani lanƙwasasshen ƙarfe ya share ruwan, ya miƙa wa wata mata ta yi ta zagayawa da shi har numfashinsa ya kwanta. Sannan ya durƙusa. Ya bi ƙwaurin ƙafar gaba da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, a hankali, idonsa a rufe, ya koma ɗaya ƙafar, ya sake dawowa ta farkon. Zafi yake nema. Haka Baba yake yi kowace safiya, da ido a rufe, yana cewa hannu ya fi ido gani a ƙafar doki. Mutumin ya ɗebo farin yumɓu a bokiti ya shafe ƙwaurin da shi, ya naɗe da takarda da bandeji. Da ya ɗago ya gan ni, sai na nuna ƙafar hagun na ɗaga gira. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini da yatsu biyu cewa kaɗan ne. Ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin Sifaniyanci ko kaɗan. Na buɗe waya na nuna masa tsohon hoton Baba riƙe da dokin hakimi cikin kayan hawa. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, bai kalli kwalliyar ba, ƙafafun ya faɗaɗa da yatsa. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a wuyan dokinsa.

Da rana muka je gandun dawaki na jihar, inda aka binne Man o' War, wanda ya ci tsere 20 cikin 21 da ya shiga. Ɗan bargarsa, Will Harbut, baƙar fata, ya rasu a Oktoban 1947, dokin ya bi shi bayan wata guda. 'Yan taku kaɗan daga wurin ga kabarin Isaac Murphy, wanda ya yi shekaru a yashe a wata maƙabartar baƙaƙe kafin a gano shi a tone a dawo da shi kusa da dokin. Na tuna Eddie Sweat, wanda ya yi wa Secretariat hidima dare da rana, yana cikin hotunan nasararsa riƙe da ragama, ya kuma mutu a 1998 ba shi da komai. Kafin magariba muka leƙa Old Friends a Georgetown, gonar da ake ajiye tsofaffin dawakan tsere su huta, na ba Silver Charm, zakaran 1997, karas a tafin hannuna. Ya yi fari fat, shekararsa 30.

Tsere na biyu, Preakness na Baltimore, a ɗakin ɗan yayata na kalle shi ranar 18 ga Mayu, ina haɗa kaya. Dawaki takwas kacal suka fito a filin Pimlico cikin taɓo, babu Sierra Leone, babu Forever Young. Wani hurde, Seize the Grey, ya shiga gaba ya ƙi sauka, Mystik Dan ya zo na biyu. Ashe na ga hurden nan da idona, ya ci wani ƙaramin tsere a ranar Derby ban kula ba. Mai horar da shi, D. Wayne Lukas, shekararsa 88, masu shi kuma mutum sama da 2,500 ne da suka sayi ƙananan hannun jari ta waya. Tsere uku cikin mako biyar abu ne mai wuya, shi ya sa tun 1919 dawaki 13 kaɗai suka haɗa Kambi Uku, wato cin duka ukun a shekara ɗaya, na ƙarshensu Justify a 2018. Masu horarwa na yanzu sun fi son hutar da doki wata guda ko fiye. Wasu na cewa a ƙara tazara tsakanin tseren. Ni da na ga yumɓun nan a ƙafar doki, ina bayansu.

Na uku, Belmont na New York, a gida ya same ni, daren 8 ga Yuni. A Saratoga aka yi shi saboda ana sake gina filinsa na asali. Dornoch ya ci, Sierra Leone ya sake tahowa a makare ya zo na uku, Mystik Dan, wanda ya shiga duka ukun, ya ƙare na takwas a gajiye.

Da gari ya waye na tafi tsohuwar bargarmu. Saura mako guda Babbar Sallah, an baza jalala da lifidi a rana, yara suna goge likkafu da toka. Dattijon da ya gaji Baba yana zaune a kan turmi yana jiƙa dusa da kanwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi tsarabarsa, sannan na kunna masa Derby. Ya kalla sau uku bai ce uffan ba. A na ukun ya sa yatsa a kan Forever Young.

"Wannan na tsakiyar an matse shi. Da an bar masa hanya, da shi ne."

Na ce, "Haka mutane da yawa suka ce, Baffa."

Ya tambaye ni me suke ba su, na ce alkamar dawaki da busasshiyar ciyawa, da dunƙulen gishiri da suke lasa maimakon kanwa. Na nuna masa hoton ƙafar nan mai farin yumɓu da mutumin da ke durƙushe a gabanta. Ya matso da wayar dab da idonsa.

"Shi wannan, ɗan wane gari ne?"

Na ce daga Gwatamala yake, wata ƙasa can kudu da Meziko. Ya maimaita sunan sau biyu a hankali. Ya ce in tura hoton wayar ɗansa, akwai irin wannan yumɓun a bakin rafi, zai sa a ɗebo. Sannan ya miƙe ya kwance akawal ɗin da ke turken ƙarshe, wanda ya ce tun jiya yake ɗingisa ƙafar dama, ya miƙo mini ragamar.

"Riƙe mini shi nan, ɗana, in duba."